Tsayuwar Shaida: Addu'ar Zaman Lafiya a Bainar Jama'a, Daga 'Yan Kweka Zuwa Titunan Duwala

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama kan aikin fassara ya san akwai kalmomin da ƙamus ba ya raba gardama a kansu. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar da Turawan Ingila ke amfani da ita ga mutanen da suka taru a bakin titi ko a ƙofar wata ma'aikata, suka tsaya cik, ba kirari ba jifa, suna addu'a a zuci saboda wani jini da ake zubarwa. Asalin kalmar daga Latin take, kuma ma'anarta ta farko ita ce kwana ido biyu. Idan mai fassara ya ce "zanga-zanga", ya shigo da hayaniyar da babu ita a wurin. Idan ya ce "zaman dirshan", ya shigo da ciniki, domin mai zaman dirshan cewa yake ba zai tashi ba sai an biya masa bukatarsa. "Tsayuwar dare" kuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa ce, ba a yin ta don a gani. "Zaman makoki" ya fi kusa, sai dai shi ana yin sa ne bayan an rufe gawa an dawo gida.

A wannan takarda za a yi amfani da "tsayuwar shaida". An zaɓi "shaida" ne saboda fuskokinta biyu a Hausa: mai shaida ya ga abu da idonsa, sannan ya tsaya gaban mai iko ya faɗi abin da ya gani. Takardar za ta bi asalin wannan al'ada a wurin 'yan Kweka, sannan ta sauka Duwala, babban birnin kasuwancin Kamaru, musamman New Bell inda Hausawa suka fi shekara ɗari suna zaune. Abin da ake son ɗalibi ya lura da shi shi ne bambancin da ke tsakanin addu'ar da ke cewa "mu ba mu da hannu" da addu'ar da ke cewa "mun ga abin da aka yi".

2.0 'Yan Kweka da Asalin Tsayuwar

A tsakiyar ƙarni na 17 Ingila ta faɗa yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa, har ta kai ga fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. A cikin wannan ruɗani ne George Fox (1624–1691), ɗan wani masaƙi, ya fara wa'azin cewa kowane ɗan'adam yana ɗauke da wani haske daga Ubangiji, saboda haka ba ya bukatar limamin coci ya shiga tsakani. Galibi ana ɗaukar 1652 a matsayin shekarar kafuwar jama'arsa. Su dai suna kiran junansu "Abokai". Sunan Kweka, wato mai makyarkyata, wani alƙali ne a garin Derby ya laƙaba musu shi a 1650 don ba'a, bayan Fox ya ce masa ya yi makyarkyata a gaban maganar Ubangiji. Sunan ya bi su har yau.

Ibadarsu ta asali zama ce cikin shiru na kimanin awa guda. Babu liman, babu waƙa, babu huɗuba. Wanda ya ji magana ta taso masa sai ya miƙe ya faɗa a taƙaice ya zauna, shiru ya ci gaba. Lokacin da nake karatu a Landan na shiga irin wannan zama sau biyu a babban gidansu da ke kan titin Euston, don in gane wa idona. Ga Bahaushen da aka rena da doguwar gaisuwa, minti goma na farko azaba ce: kana ta jin kamar ka yi laifi da ba ka tambayi na kusa da kai gajiya da iyali ba. Daga baya ne mutum yake gane cewa shirun ba rashin abin faɗa ba ne, aiki ne da ake yi tare.

A 1660 aka mayar da sarauta, Charles na Biyu ya hau. A Janairun 1661 wasu tsirarun masu tsattsauran ra'ayin addini ƙarƙashin Thomas Venner suka ɗauki makami a Landan. Hukuma ba ta tsaya tantancewa ba, ta kame 'yan Kweka fiye da 4,000. A cikin wannan watan Fox da wasu mutum 11 suka miƙa wa sarki wata takarda, inda suka bayyana cewa sun barranta daga duk wani yaƙi da ɗaukar makami, ko da wace hujja ce. Wannan takarda ce 'yan Kweka ke ɗauka a matsayin tushen aƙidarsu ta zaman lafiya. Amma a ganina, duk wanda ya karanta ta tare da tarihin watan da aka rubuta ta zai ga cewa takardar wanke kai ce. Tsiraru ne da ake zargi, suna cewa sarki: mu ba masu cutarwa ba ne, a sake mu. Ba su rubuta ta don su tuhumi sarki da yaƙe-yaƙensa ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa a Duwala.

Takardar ba ta cece su ba. Dokokin 1662 da 1664 sun haramta musu taruwa don ibada. Wasu ɗariƙun suka koma yi a ɓoye, su kuwa 'yan Kweka suka ƙi. Suka ci gaba da taruwa a wurin da aka sani, a lokacin da aka sani, idan sojoji sun garƙame ƙofar ɗakin sai su tsaya a kan titi a bakin ƙofar. Haka ta faru a watan Agusta na 1670 a titin Gracechurch da ke Landan, inda aka kama William Penn da William Mead bisa zargin tayar da tarzoma. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ƙi kama su da laifin. Alƙali ya sa aka kulle su kwana biyu ba ci ba sha, suka dage, aka ci su tara. Ɗayansu, Edward Bushel, ya ƙi biya ya ɗaukaka ƙara, ya kuma yi nasara. Ke nan addu'ar kan titi ba dabara ce da 'yan Kweka suka zauna suka tsara ba. Kulle su waje aka yi. Sai a 1689 doka ta sassauta musu, bayan ɗaruruwansu sun mutu a kurkuku.

Juyawar wannan al'ada daga kare kai zuwa tuhumar hukuma ta ɗauki lokaci mai tsawo, kuma a ƙarni na 20 ta fi bayyana. A 1947 ƙungiyoyin agajinsu biyu, ta Ingila da ta Amurka, suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. A ranar 1 ga Yuli 1959 wani ɗan Kweka, Lawrence Scott, ya jagoranci tsayuwa a ƙofar Fort Detrick da ke jihar Maryland, inda sojan Amurka ke binciken makaman ƙwayoyin cuta, aka yi ta kullum har cikin 1961. A Nuwamban 1960 kuma, don cikar takardar Fox shekara 300, 'yan Kweka fiye da 1,000 suka jeru shiru a gaban Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka. Takardar da aka rubuta don neman afuwar sarki ita ce aka ɗauko aka tsaya da ita a ƙofar masu makami.

Tsarin abin ba shi da wuya: a jeru a inda jama'a ke wucewa, a riƙe allo ɗaya da ya faɗi dalilin tsayuwar, a ware mutum ɗaya ko biyu masu amsa tambaya, sauran su yi shiru, kada a rama zagi, sannan a dawo mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Ƙarfinsa yana cikin dawowar. Ko ya hana yaƙi? Ba za a ce haka kai tsaye ba. Amurka ta sanar da daina shirin makaman ƙwayoyin cuta a Nuwamban 1969, shekara takwas bayan an tashi daga ƙofar Fort Detrick, kuma dalilan sun fi ɗaya. Abin mamaki ma, shugaban da ya sanar da hakan, Richard Nixon, a gidan 'yan Kweka aka haife shi, kuma shi ne ya faɗaɗa yaƙin Biyetnam zuwa Kambodiya.

Mu ma yankinmu ya taɓa ganin hannunsu, ta wata fuskar. A yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, 'yan Kweka uku, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, sun yi ta kai saƙo a asirce tsakanin Yakubu Gowon da Odumegwu Ojukwu.

3.0 New Bell: Unguwar da Aka Haifa Cikin Ƙwace

Yanzu sai mu sauka Duwala. A ƙarƙashin mulkin Jamus, tun daga 1910 aka fito da shirin ƙwace filayen ƙabilar Duwala da ke bakin kogin Wouri don a mayar da su unguwar Turawa zalla. Aka ware wa baƙar fata sababbin matsugunai can ciki, aka bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da Turawa da sunan kiwon lafiya. Matsugunin da aka ware wa gidan sarautar Bell shi ne Neu-Bell, wato Sabuwar Bell, wadda ta zama New Bell. Sarkin gidan, Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus, bai ɗauki makami ba. Takardun koke ya yi ta aikawa majalisar dokokin Jamus, yana tuna musu yarjejeniyar 1884. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da sakatarensa Adolf Ngoso Din ranar 8 ga Agusta 1914. Wannan ne darasin farko da unguwar ta koya game da koke cikin lumana.

'Yan ƙabilar Duwala da yawa sun ƙi tarewa a New Bell, sai ta zama unguwar baƙi: Hausawa fatake da suka biyo hanyoyin goro da shanu da hauren giwa, da Yarabawa da Senegalawa, sannan Bamileke da Bassa da Ewondo da suka zo neman aiki a tashar jirgin ruwa da ta jirgin ƙasa. Sunayen sassan unguwar sun nuna haka, akwai New Bell Haoussa, akwai New Bell Bassa, akwai Congo. Masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi sukutum kan waɗannan baƙi, ya fito a 2008. Abin da ya shafe mu a nan shi ne matsayin Bahaushe a wannan wuri. Zaman zango ne irin wanda muka sani a Kumasi ko Sabo ta Ibadan: akwai sarkin Hausawa, akwai liman, akwai maigida mai saukar da baƙi, amma ƙasa ba taka ba ce, kuma zamanka ya rataya ne a kan kada hukuma ta gan ka a matsayin matsala. Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. A zango wannan ba karin magana ba ce kawai, dabarar rayuwa ce.

Amma New Bell ba ta samu zaman lafiyar ba. A Satumban 1945 yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ya rikiɗe, Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka ɗauki bindigogi suka harbi jama'a. A Afrilun 1948 aka kafa jam'iyyar UPC mai neman 'yancin kai a Duwala, hedkwatarta kuma a New Bell take. A Mayun 1955 unguwar ta kama da wuta tsakanin magoya bayan UPC da dakarun Faransa ƙarƙashin gwamna Roland Pré, aka ƙone hedkwatar, aka haramta jam'iyyar ranar 13 ga Yuli 1955. Daga nan sai yaƙin sunƙuru. Faransa ta shafe shekaru tana ƙin kiran abin da suna, sai a 2025, bayan rahoton kwamitin masana tarihi da Karine Ramondy ta jagoranta, Shugaba Macron ya amince a rubuce cewa yaƙi ƙasarsa ta yi a Kamaru.

Da aka samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960, mulki ya faɗa hannun Ahmadu Ahijo, Bafulatanin Garwa, Musulmi. A kudancin Kamaru kuwa duk mai babbar riga da hula "Haoussa" ake ce masa, ko Bafulatani ne ko Babarbare ko Kotoko. Sai aka wayi gari ana kallon mutanen zango a matsayin mutanen gwamnati. Ranar 24 ga Afrilu 1960 gobara ta cinye sashen Congo, inda ake zargin mayaƙan UPC na ɓuya. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 19 suka mutu, kimanin 5,000 suka rasa matsuguni. Riwaya ɗaya ta ɗora wutar a kan Hausawan da ke maƙwabtaka, wai ramuwar gayya suka yi kan kashe musu mutum. Wata riwayar ta ɗora ta a kan sojoji. Kowace aka ɗauka, sunan Bahaushe ya shiga labarin, kuma bai kamata ɗalibin Hausa ya tsallake wannan shafi don yana da ɗaci ba.

A wurin da tarihin titi yake haka, hukuma ba ta san taro iri biyu ba. Duk taron da ba ita ta kira ba tarzoma ce da ba ta fara ba tukuna. Dokar tarurruka ta 19 ga Disamba 1990 ta wajabta a sanar da hukuma kwana bakwai kafin duk wani jerin gwano ko taro a kan titi, kuma jami'in mulki yana da ikon hanawa idan ya ga barazana ga doka da oda. Sai dai dokar ta keɓe fitowar da ta dace da al'adun gari ko na addini. Shi ya sa sahun Juma'a zai iya malalowa kan titi a New Bell, a yi hawan Idi, 'yan coci su yi jerin gwanonsu, babu mai cewa uffan. Addu'a a kan titi halal ce a Duwala, muddin ba ta ambaci sunan kowa ba.

4.0 Mutum Tara na Bépanda

Abin da ya fi kusa da tsayuwar shaida a tarihin Duwala ya faru ne a 2000 da 2001. Fashi da makami ya addabi birnin, sai a Fabrairun 2000 Shugaba Paul Biya ya kafa wata runduna ta musamman mai suna Commandement Opérationnel, ta haɗa soja da jandarma da 'yan sanda. Da farko jama'a sun yi murna. Ba a jima ba aka fara tsintar gawarwaki a gefen hanya, iyaye suka fara neman 'ya'yansu daga wannan ofis zuwa wancan. Maƙwabci kan kai ƙarar maƙwabci ta waya, a zo a ɗauke shi da asuba.

Wanda ya fara ɗaga murya da ƙarfi shi ne Kadinal Christian Tumi, babban limamin Katolika na Duwala daga 1991 zuwa 2009. Tumi ba baƙon Musulmi ba ne: ya yi karatu a Nijeriya, ya kuma riƙe cocin Yagoua da na Garwa a arewa kafin a kawo shi Duwala. A Yunin 2000 ya rubuta wa gwamnan lardin Littoral wasiƙa, daga baya ya fito fili ya ce waɗanda aka kashe ba tare da shari'a ba sun haura 500. Gwamnati ta musanta.

Wadda ta riƙa tattara sunaye da ranaku kuwa ita ce Madeleine Afité ta ƙungiyar ACAT reshen Littoral, wato ƙungiyar Kiristoci masu yaƙi da azabtarwa. A nan ne zaren 'yan Kweka ya iso Duwala, ko da yake siriri ne. An kafa ACAT a Faransa a 1974, bayan wasu mata biyu, Hélène Engel da Édith du Tertre, sun ji bayanin azabar da ake yi wa fursunoni a Kudancin Biyetnam, kuma cikin waɗanda suka fara taruwa da su akwai Furotesta da Katolika da 'yan Kweka. Hanyarta ita ce haɗa addu'a da rubuta sunan wanda ake azabtarwa. Tun 2006 ƙungiyar ke raya daren 26 ga Yuni na kowace shekara da addu'a ga fursunonin da ake ambatar sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

A Janairun 2001 aka kama wasu samari tara a unguwar Bépanda bisa zargin satar tukunyar gas ta wata maƙwabciya. Tukunyar gas guda. Aka tsare su a hannun jandarma, iyalansu suka gan su na 'yan kwanaki, daga nan ba a sake ganin su ba. Iyalan da masu goya musu baya suka kafa kwamiti mai suna C9, kuma daga Maris 2001 suka riƙa fitowa kowace Lahadi a Bépanda da tambaya guda: ina yaran? Hukuma ta hana, ta watsa ruwa da barkonon tsohuwa, ta kama wasu. Lahadi ta zagayo suka sake fitowa.

Ba shiru suka yi irin na 'yan Kweka ba, kuma 'yan siyasar adawa sun shigo ciki, wanda ya ba gwamnati abin faɗa. Amma jigon abin ɗaya ne: wuri sananne, rana sananniya, hannu babu makami, da laifi guda da aka kira da sunansa. Abin da gawarwaki ɗaruruwa marasa suna ba su yi ba, mutum tara masu suna da iyaye suka yi. Biya ya ba da umarnin bincike, aka kama wasu hafsoshi, aka wargaza rundunar. A Yulin 2002 kotun soja a Yawunde ta saki shida daga cikin takwas da aka gurfanar, biyun da suka rage aka yi musu hukunci mai sauƙi, ba kuma da laifin kisa ba. Bayanin da aka tsaya a kai shi ne wai samarin tserewa suka yi. Osvalde Lewat ta shirya fim kan lamarin mai suna Une affaire de nègres, inda iyaye suka yi magana da bakinsu. Ba a ba kowa gawa ba. A nan ma ɗalibi zai ga dalilin da ya sa "zaman makoki" bai fassara kalmar ba: waɗannan iyaye ba a ba su damar yin makokin ba.

Bayan shekara bakwai, a ƙarshen Fabrairun 2008, Duwala ta sake ɓarkewa kan tsadar mai da shirin gyara tsarin mulki. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu a faɗin ƙasar, masu sa ido kan haƙƙin ɗan'adam, ciki har da ACAT, suka ce 139.

5.0 Addu'a Iri Biyu

Daga 2014 rikicin Boko Haram ya tsallako lardin Arewa Mai Nisa. A Yulin 2015 aka kai hare-haren ƙunar baƙin wake a Fotokol da Marwa, aka hana sa niƙabi a can, sannan aka faɗaɗa hanin zuwa lardin Littoral inda Duwala take. Dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014 ta ƙara ƙuntata taro. Musulmin kudu ya sake tsintar kansa cikin waɗanda ake yi wa kallon zargi, alhali 'yan uwansa ne ake kashewa a kasuwannin arewa. A wannan yanayi majalisar limamai da manyan Musulmi ta ƙasar, CIDIMUC, ta sha shirya tarukan addu'ar zaman lafiya, manyan jami'an gwamnati na halarta.

Ba na cikin masu raina irin wannan addu'a. Wanda bai taɓa zama tsiraru a garin wasu ba shi ne zai yi saurin kiran ta fadanci. Ita ce daidai takardar Fox ta 1661: mu ba masu cutarwa ba ne. Tana kare mai shago a Marché Congo da mai tura baro da ɗan acaba. Amma a kira ta da sunanta. Addu'ar da gwamna ke zaune a sahun gaba ba ta iya tambayar gwamna ina yaran. Kuma ba za a ce Musulmi ba su da addu'a mai ambaton laifi ba. Alƙunutun da ake yi lokacin musiba asalinsa ke nan: Manzon Allah (SAW) ya yi wata guda yana yin sa bayan kisan mahaddata a Bi'iru Ma'una, yana ambaton ƙabilun da suka yi kisan. Masallatan Kano da Katsina da Sakkwato sun sha yin sa kan 'yan bindiga. Sai dai ya fi sauƙi idan mai laifin yana daji. Idan yana sanye da kaki, kuma kai baƙo ne a zango, lissafin ya canja.

An ɗan ga wata hanya ta uku a 2018, lokacin da rikicin lardunan masu magana da Ingilishi ya yi tsanani. A watan Yuli, a Duwala, Kadinal Tumi, yana ɗan shekara 87, ya fito tare da Imam Tukur Mohammed Adamu na babban masallacin Bamenda da Imam Mohammed Aboubakar na babban masallacin Buea da Rabaran Babila George Fochang na cocin Presbyterian. Suka kira babban taro a Buea, suka nemi gwamnati da 'yan aware duka su tsagaita wuta. Masallacin Bamenda yana tsohon gari ne, Abakwa, inda fataken Hausawa suka fara kafa zango. An sa taron a ƙarshen Agusta, aka ɗage zuwa Nuwamba, hukuma ba ta ba da izini ba, bai kuma yiwu ba. A tsakanin nan ne mata suka yi abin da ya fi kama da na 'yan Kweka: a Buea a ƙarshen Agusta, a Bamenda a farkon Satumba, suka zauna a ƙasa a fili, suna kuka suna addu'a, suna riƙe da ganyen da al'adar yankin ta sani da alamar sulhu. Tumi kansa 'yan aware sun sace shi a Nuwamban 2020 suka sake shi washegari. Ya rasu a Duwala a Afrilun 2021.

Ranar 26 ga Oktoba 2025, ana jajibirin sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, magoya bayan Issa Tchiroma Bakary, ɗan Garwa, suka fito a Duwala, New Bell na cikin unguwannin da aka fi gwabzawa. Wannan karon ɗan arewa ne ke ƙalubalantar gwamnati, akasin 1960. Gwamnan Littoral ya ce mutum huɗu suka mutu a ranar, ya kuma ce masu zanga-zangar ne suka far wa ofisoshin jami'an tsaro. Washegari aka ayyana Paul Biya, mai shekara 92, a matsayin wanda ya ci zaɓen.